Yadda Ake Kiwon Ɓeran Ado, Daga Haɗa Keji Zuwa Yaye 'Ya'ya

A wajenmu ɓera abin tarko ne da magani da kyanwa. A Ingila da Amurka kuwa akwai mutanen da suke saya masa keji mai hawa uku, su raɗa masa suna, su kai shi asibiti, har su shigar da shi gasa alƙali ya duba tsarin kunnuwansa da santsin gashinsa. Ba na kwata suke kamowa ba. Asalinsa dai ɓera mai ruwan ƙasa ne, wanda masana suke kira Rattus norvegicus, amma an shafe fiye da shekara 150 ana zaɓen masu sanyin hali ana haɗa su, har aka samu dabbar da take gane mai ita, ta hau kafaɗarsa ta yi barci.

Abin ya faro ne daga wuri mara daɗin ji. A Landan ta ƙarni na 19 ana zuba ɓeraye cikin rami a saki kare, 'yan kallo suna caca a kan yawan da zai kashe. Masu kamo ɓerayen, irin su Jack Black wanda yake kiran kansa mai kama wa Sarauniya Victoria ɓera, sukan ware farare da masu dabbare-dabbare su sayar wa masu sha'awa. A 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta kai ɓeranta baje kolin masu kiwon ƙananan ɓeraye a garin Aylesbury, ya kuma lashe gasar. Bayan rasuwarta a 1921 harkar ta yi sanyi, sai a 1976 aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓeran ado ta NFRS a Ingila, Amurka ta biyo da tata ƙungiyar, AFRMA, a 1983. Fararen ɓerayen Wistar da ɗaliban kimiyya suke gwaji da su a jami'o'inmu ma jinsi ɗaya suke da na adon.

Kafin mu shiga matakai, ga abin da ya kamata ka riƙe: sa ɓera ya haihu ba gwaninta ba ce, ko ka so ko ka ƙi zai haihu. Gwanintar tana wajen kiyaye huhunsa, da kare shi daga zafi, da sanin wanda ya cancanci a bar shi ya haihu. Shi ya sa barbara ta zo can ƙarshe.

Mataki na 1: Ka tantance ko kiwon ya dace da kai

Fara da doka. Lardin Alberta na Kanada, wanda yake yaƙi da ɓera tun 1950, ya haramta ajiye shi ko da na ado ne. In gidan haya kake, mai gida ma yana da ta cewa. Musulmi kuma ya san hadisin da ya lissafa ɓera cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa tun kafin ya kashe kuɗin keji.

Sai lafiyar mutanen gida. Ɓeran ado yana iya ɗaukar zazzaɓin cizon ɓera, kuma a 2017 an samu ɓullar ƙwayar cutar Seoul tsakanin masu kiwo a gida a jihohin Wisconsin da Illinois na Amurka. Saboda haka gidan da yake da mai ciki, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai raunin garkuwar jiki, gara ya haƙura. Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar akwai ƙarin gargaɗi: kada ka kuskura ka kamo ɓeran gida ko na gona ka ce za ka horar da shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa da yake shiga gidaje da rumbuna. Ba jinsinsu ɗaya da na ado ba, amma ido bai cika bambance su ba, kuma keji mai abinci yana jawo na waje.

Na ƙarshe, likitan dabbobi. Ka nemo wanda ya san ƙananan dabbobi tun kafin ka bukace shi. Ɓera yana da arha wajen saye, yana da tsada wajen jinya, kuma rayuwarsa shekara 2 ce zuwa 3. Wanda ba ya jure rabuwa ya yi tunani.

Mataki na 2: Keji da inda za ka girke shi

Keji na waya ake so, mai faɗi da tsayi, domin ɓera mahayi ne. Ga biyu zuwa huɗu, ka nemi kimanin santimita 80 a tsawo, 50 a faɗi, 80 a tsayi, in ya fi haka ma madalla. Tazarar wayoyin kada ta wuce santimita ɗaya da kwata in akwai ƙanana ko mata, don duk inda kan ɓera ya shige, jikinsa zai bi. Ƙasan kejin ya zama rufaffen faranti mai zurfi, ba raga ba, saboda tsayuwa a kan waya da ƙazanta tana kumbura musu tafin ƙafa. Akwatin gilashi irin na kifi kuwa ka manta da shi, iska ba ta ratsa shi. In maƙeri ko mai walda zai haɗa maka, ka sa ya goge duk wani tsinin waya, ya yi ƙofa babba wadda hannu biyu za su shiga, ya sa sakata ta gaske. Ɓera yana koyon buɗe ƙugiya mai sauƙi cikin kwanaki kaɗan.

A ciki ka rataya shimfiɗar lilo da aka ɗinka da tsohon yadi, da igiya mai kauri, da reshen itace, da guntun bututun ruwa mai faɗi, da kwali mai ƙofa biyu na kwana. Ka jera su yadda in ɗaya ya zame daga sama wani abu zai tare shi kafin ya kai ƙasa.

Wurin da za ka girke kejin ya fi kejin kansa muhimmanci. Ɓera ba ya gumi kamar mutum, ta jelarsa yake rage zafin jikinsa. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma daga 30 zuwa sama an shiga haɗari. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ake wuce 40, ya san abin da wannan yake nufi. A ganina, in ba ka da ɗaki mai sanyi da wutar da za ka dogara da ita, wannan kiwon ba naka ba ne, kuma faɗin haka ya fi a bari ka gano da kanka. In zafin na ɗan lokaci ne, kamar bazarar Turai, akwai dabaru: falen tayil a ƙasan keji don su kwanta a kai, robar ruwa mai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, faranti mai ruwa kaɗan da aka zuba wa koren wake na gwangwani ko na firji su riƙa tsamowa. Ɓeran da ka gani ya baje a ƙasa, yawu yana zuba, jela ta yi zafi, zafi ya kama shi. Ka shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a jela da ƙafafu, kada ka tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, ka nufi likita.

Ka nisanta kejin daga rana, da madafa, da hayaƙin taba, da turaren wuta, da maganin sauro na fesawa ko na kunnawa.

Mataki na 3: Shimfiɗa da shara

Nan ne mafi yawan sababbin masu kiwo suke yin asara ba su sani ba. Kusan duk ɓeran ado yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Mycoplasma pulmonis a hanyar numfashinsa tun daga haihuwa. Takan zauna shiru har sai wani abu ya fusata huhun, kuma abu biyu ne suka fi yin haka: ƙura, da warin fitsarin da ya kwana ya zama amoniya.

Don haka garin katako na wajen kafinta bai dace ba, ya yi laushi da ƙura. Sassaƙen itatuwa masu ƙamshi irin su sida da ɗanyen fayin ma an san suna cutarwa. Abin da masu kiwo suka fi amfani da shi shi ne yankakken kwali, ko dunƙulallen takarda, ko ɓawon tabar igiya, wato hemp, da ake sayarwa don shimfiɗar dawaki, ko sassaƙen da aka busar aka cire wa ƙura. Ka zuba da kauri, kamar tsawon yatsa, su samu abin tono. Na sheƙa kuwa takarda mara rubutu ta wadatar. Ka guji auduga da duk abin da yake da zare mai tsawo, yana naɗe yatsu.

Ɓera yana da tsabta fiye da sunan da ya yi. Yakan zaɓi kusurwa guda ya riƙa kashi a nan. Ka sa ƙaramin faranti a kusurwar, ka kwashe kashin da ka gani a wani wuri ka zuba ciki, cikin mako ɗaya ko biyu yawancinsu za su gane. Kullum ka kwashe farantin da ragowar ɗanyen abinci. Sau ɗaya a mako ka canja shimfiɗa, ka wanke lilo da sabulu mara ƙamshi. Gwajin mai sauƙi ne: sunkuya ka sa hancinka daidai inda nasu yake. In ya yi maka yaji, su sun daɗe da jin jiki. Amma kada ka wuce gona da iri. In ka wanke komai tas kullum, mazan za su ƙara fitsari don su maido da warinsu. Ka riƙa bar musu ɗan tsohon abin sheƙa.

Mataki na 4: Zaɓen ɓerayen

Kada ka sayi ɗaya. Ɓera dabbar taro ce, suna kwana a cure, suna yi wa juna susa, suna kokawa. Wanda aka bari shi kaɗai yakan rame ko ya zama mai cizo, kuma duk wasan da za ka yi da shi ba zai maye gurbin ɗan'uwansa da ƙarfe uku na dare ba. Ka fara da biyu ko uku masu jinsi ɗaya, wato duk maza ko duk mata, 'yan mako 6 zuwa 8. Maza sun fi girma, sukan kai giram 450 zuwa 650, sun fi son kwanciya a cinya, sun kuma fi wari. Mata sukan tsaya tsakanin 250 da 400, ba sa zama wuri ɗaya, sun fi saurin koyon wasa.

Ka saya a hannun mai kiwon da zai nuna maka uwar, ya gaya maka shekarun da kakanni suka yi da abin da ya kashe su. A wurin, ka kara ɓeran a kunnenka kamar waya ka saurari ƙirjinsa: numfashin lafiya ba ya ƙara. Ka duba ido ya zama garau, gashi a kwance, ƙarƙashin jela a bushe, babu ɓawon ƙurji a wuya da kafaɗa. Haƙoran gaba ruwan goro ne, kuma haka ya kamata su kasance. Sai ka miƙa hannu cikin kejin ka tsaya. Wanda ya zo ya shinshina shi ne naka, ko da launinsa bai kai na wanda ya maƙale a kusurwa kyau ba.

Mataki na 5: Sabo da hannu, da haɗa baƙo da 'yan gida

Ranar farko ka ƙyale su su san keji. Daga rana ta biyu ka fara zama kusa da yamma, lokacin da suke farkawa, kana magana a hankali. Ka ba su abu mai ruwa-ruwa a cokali, kamar yogot mara sukari ko kunu, domin dole su tsaya kusa da kai su lasa. Kada ka ba su abinci ta tsakanin wayoyi, za su koyi cafke duk yatsan da ya leƙo. Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi baya. Jela ba mariƙi ba ce, fatarta tana iya saɓulewa gaba ɗaya.

Kullum suna bukatar aƙalla awa guda a wajen keji, a ɗakin da ka toshe ramuka ka ɗauke wayoyin lantarki. In ka ji ɓera yana goga haƙora a hankali, idanunsa suna ɗan ɓullowa suna komawa, kada ka firgita, yawanci alamar jin daɗi ce. Masu jan ido kuma sukan riƙa kaɗa kai hagu da dama don su auna nisa, ganinsu ne bai da ƙarfi.

In ka kawo sabo daga baya, ka killace shi mako biyu zuwa uku a wani ɗaki dabam. Bayan nan ka haɗa su a wurin da babu wanda ya mallaka, ko cikin ƙaramin akwatin tafiya mara kaya, kana tsaye da tawul a hannu. Ture-ture, da danne juna, da ɗan ƙara, duk cikin tsarin sanin babba ne. Gashi ya miƙe, ana tafiya a karkace, ko an ga jini, sai ka raba da tawul, ba da hannu ba. In sun kwana a cure a ƙaramin wuri, ka mayar da su babban keji da aka wanke, ka riƙa ƙara kaya kaɗan-kaɗan.

Mataki na 6: Abinci

Babban ɓera yana cin kimanin giram 15 zuwa 20 na busasshen abinci a rana. Mafi sauƙi shi ne dunƙulallen abincin ɓera na kanti. Mai haɗawa da kansa ya sa hatsi ya zama mafi rinjaye, wato alkama, sha'ir, dawa, gero, shinkafa da ɗan masara, sannan abin gina jiki kamar gasasshen waken soya ko busasshen kifi, da 'yan tsaba kaɗan. Ka tabbata hatsin da gyaɗar ba su yi fumfuna ba. Maimakon kwano, ka watsa abincin cikin shimfiɗa su nema, yana rage ƙiba yana kuma ba su aiki. Kullum ka ƙara ɗan ganye ko kayan lambu: karas, kabeji, kokwamba, latas. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa sau ɗaya a mako biki ne a wurinsu, haka ma ƙashin kaza da aka dafa.

Abin gujewa: ɗanyen wake, ɗanyen dankalin Hausa, dankalin Turawa da ya yi kore, kayan zaƙi da lemon kwalba. Maza a nisanta su da ɓawon lemo da na mangwaro saboda ƙoda. Abu mai danƙo kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa a sirka shi da ruwa, don ɓera ba ya iya amai, in ya shaƙe sai dai ya yi ta fama. Ruwa kuma kwalba biyu, ko da ɗaya za ta toshe. Buhun abincin ka zuba shi cikin durom mai murfi, ka share abin da ya zube a bayan keji. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: hatsin da ka bari a fili shi zai gayyato maka na waje da cututtukansu.

Mataki na 7: Duba lafiya kowane mako

Ka sayi ƙaramin sikelin kicin da littafi. Ɓera yana ɓoye ciwo, amma nauyi ba ya ƙarya. Ka auna, ka shafa jiki daga haɓa zuwa gindin jela kana neman kumburi, ka saurari ƙirji.

Jan abu a gefen ido ko hanci ba jini ba ne, wani ruwa ne da yake fitowa daga bayan ido. Kaɗan bayan barci ba komai, amma in ya yi yawa alamar ciwo ce ko takura. Atishawa a kai a kai, gurnani a ƙirji, ko numfashi da ciki, na likita ne a ranar, kuma wanda yake buɗe baki don ya shaƙi iska na gaggawa ne. Kada ka ɓare kafso na mutane ka yi kirdado. Mata sun fi fama da ƙarin nono, wanda yakan fito a hammata ko cinya, yawanci bayan shekara ɗaya da rabi. Akasarinsa ba daji ba ne, kuma tiyata tana da sauƙi in yana ƙarami. Cire wa mace ƙwai tun tana ƙarama yana rage aukuwarsa ƙwarai. Karkatar kai na iya zama ciwon kunne ko ƙari a ƙwaƙwalwa. Tsofaffin maza kuma ƙafafun baya sukan yi rauni, sai a sauko musu da komai hawan ƙasa.

Mataki na 8: Kafin ka haɗa mace da namiji

Shawarata, ka yi aƙalla shekara biyu kana kiwo, ka raka wasu tun daga ƙuruciya har tsufa, kafin ka yi tunanin barbara. Sannan ka amsa tambaya ɗaya: ina 'ya'yan za su? Mace takan haifi 6 zuwa 12, wani lokaci ta haura 15. In ba ka da jerin masu karɓa, da kejin da zai riƙe duk wanda aka fasa ɗauka har ƙarshen rayuwarsa, kada ka fara.

Wajen zaɓen iyaye, hali ne farko, lafiya ta biyu, launi na ƙarshe. Cizo da tsoro suna bin jini, haka ma raunin huhu da ƙari. Mace ta yi haihuwar fari tsakanin wata 5 da 8, tana da cikar jiki ba ƙiba ba. Namiji kuwa a jinkirta masa. Akwai mazan da suke lafiya lau suna ƙanana, sai tsakanin wata 5 da 12 su rikiɗe su zama mafaɗata, don haka wanda ya kusa shekara yana nan da sanyin halinsa ya fi aminci.

Launi yana da lissafinsa. Ruwan ƙasa na asali, wanda ake kira aguti, yana rinjayar baƙi. In ka haɗa aguti biyu da kowannensu yake ɓoye da baƙi a jininsa, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito baƙi. Haka kunnen dumbo yake, wato manyan kunnuwa zagayayyu da suke gefen kai maimakon sama: sai an gado shi daga uwa da uba duka. Murɗaɗɗen gashi na reks kuwa daga ɓangare ɗaya ya isa, in ya zo daga biyu sai ɓeran ya riƙa yin sanƙo nan da can. Akwai mai hula, fari da launi a kai da kafaɗa da zane ɗaya a gadon baya, irin wanda Mary Douglas ta ci gasa da shi. Akwai zabiya mai jan ido, akwai mai launin kyanwar Siyam. Inda za ka yi hattara shi ne wasu zuriyoyi masu yawan fari a fuska da gefe, waɗanda suke gadon wata cutar hanji da take hana kashi fita. 'Ya'yan sukan kumbura su mutu a daidai lokacin da suka fara cin abinci, kuma ba ta warkewa. In mai sayarwa bai san tarihin zuriyar ba, kada ka yi barbara da ita.

Mataki na 9: Barbara, ciki da haihuwa

Mace tana neman namiji duk kwana 4 zuwa 5, da daddare. Za ka gane: ka taɓa bayanta sai ta zabura ta tsaya cak, ta gantsare, kunnuwa suna karkarwa. A wannan daren ka haɗa su a wani keji dabam, da safe kowa ya koma wajen abokansa. Ka rubuta ranar. In bayan kwana biyar ba ta sake nema ba, nauyi kuma yana hawa, ta ɗauka.

Cikin kwana 21 ne zuwa 23. Makonni biyun farko ka bar ta da 'yan'uwanta da abincin da ta saba. Wajen kwana na 18 ko 19, lokacin da cikin ya fito ta gefe biyu, ka mayar da ita kejin haihuwa mai hawa ɗaya, mai matsattsun wayoyi, ba lilo, da tarin takarda. Za ta gina sheƙa har ta rufe kanta. Lallai ne namiji ya kasance nesa, domin tana iya sake ɗaukar ciki cikin kwana ɗaya bayan haihuwa.

Haihuwar takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Ɗan ɗigon jini kafin a fara ba abin tsoro ba ne. Kada ka tsaya a kanta. Amma in ta yi awanni tana naƙuda ba abin da ya fito, ko jini ya yi yawa, ko ta yi sanyi ta kwanta, ka garzaya wurin likita.

Mataki na 10: Jarirai har zuwa yaye

Ana haifarsu jajaye, ba gashi, ido da kunne a rufe, kowanne bai fi giram 5 ko 6 ba. Washegari ka jawo uwar waje da cokalin ƙwai, ka wanke hannu, ka ƙirga su, ka cire wanda ya mutu. Ka juya kowanne ka dubi cikinsa: fatar tana da shara-shara har za ka hango wani farin zane a gefen ciki, nonon da ya sha ke nan. Wanda ba shi da shi a sa masa ido. Uwar tana da nono 12, in 'ya'yan sun fi haka takan raba su gida biyu ta shayar bi da bi. Yanzu ne take bukatar ci: abinci ba iyaka, ƙwai, kifi, kaza, kunu mai madara, ganye, da ruwan da ba ya yankewa.

Launin fata yakan fara nunawa cikin kwana uku zuwa biyar, gashi ya rufe jiki wajen kwana na 10, ido ya buɗe wajen kwana na 14, daga nan kuma keji ya zama kasuwa. Ka riƙa ɗaukar kowanne na 'yan mintuna kullum, wannan ne yake sa su girma ba sa tsoron hannu. Mai kiwo a inda ake hunturu ya lura da bushewar iska: in ta yi tsanani jelar jarirai takan yi zobe-zobe, har wani yanki ya bushe ya faɗi. Kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul kusa da keji yana taimakawa.

Bambance jinsi ya fi sauƙi wajen kwana na 9 ko 10, kafin gashin ciki ya yi kauri. Mata suna da ɗigon nonuwa a jere, maza ba su da su, kuma tazarar da take tsakanin al'aura da dubura ta fi tsawo a namiji. Wajen mako na uku za su fara satar abincin uwa, a mako na huɗu zuwa huɗu da rabi sun yayu. Kafin su cika mako 5 ka kwashe mazan zuwa nasu keji, domin daga nan suna iya yi wa uwarsu da 'yan'uwansu ciki. Ka duba sau biyu, namiji ɗaya da aka manta a cikin mata ya isa ya mayar da goma su zama sittin.

A mako na 6 zuwa 8 za su iya tafiya gidajensu, bibbiyu ko uku-uku masu jinsi ɗaya, kowane rukuni da ɗan abincin da suka saba da takardar ranar haihuwa da sunan iyaye. Ka nemi ganin hoton kejin mai karɓa kafin ka miƙa, ka kuma yi yarjejeniya da shi cewa in ya gaza zai dawo maka da su, in sun yi ciwo ko sun mutu zai sanar da kai shekarunsu da dalili. Waɗannan bayanan ka shigar da su littafinka a ƙarƙashin sunan uwa da uba, da su za ka yanke ko za a ci gaba da zuriyar. Ita kuwa uwar, ta koma cikin ƙawayenta da 'ya'yanta mata ɗaya ko biyu, ta huta aƙalla wata biyu, kuma kada ta wuce haihuwa biyu a rayuwarta.